Arzika Majemi da Jar Safar Hannu

A zamanin da ayari kan shafe watanni kafin ya ga teku, wata ranar Laraba da hantsi, wata jar safar hannu ta shigo majemar Tudun Faru tana tafiya a kan yatsunta biyar. Babu hannu a cikinta, babu mai riƙe da ita. Ta ratsa tsakanin kwatarnin toka da na bagaruwa, ta tsallake kwatar da ruwan jima ke bi, ta je gaban wani dattijo mai suna Arzika ta miƙe, ta buɗe tafinta kamar mai neman gaisuwa. Majema suka watse, wani har da faɗawa cikin ruwan toka.

Arzika bai gudu ba, kuma ba jarunta ce ta tsayar da shi ba. Shekara arba'in yana jima, amma in ka cire 'yan'uwansa majema, ba a taɓa samun mahalukin da ya miƙo masa hannu ba. Ruwan bagaruwa da jan karan dafi sun rine masa hannuwa har gwiwa, warin jima ya zauna masa a jiki, sabulun salo ya yi iya yinsa ya gaji. In ya shiga kasuwa, attajirin da ke ƙiba da fatunsa sai ya cusa hannu a aljihu ya gaishe shi da haɓa. A wurin suna kuwa a ƙasa ake ajiye masa goronsa. Mutanen garin nan kowa takalminsa fata, layarsa fata, gafakarsa fata, amma wai su ne masu tsabta. Abin yana ci wa Arzika rai ƙwarai. Ya sha gaya wa amininsa Korau, wanda suke jima tare tun suna samari, cewa shi dai kafin ya mutu yana so wani babban mutum ya kama hannunsa a gaban jama'a. Korau kan ce masa, "Kai dai ci tuwo, miya tana hucewa."

Safar ta yi magana da wata siririyar murya. Ta ce, "Aminci ya tabbata gare ka, ya mai jan hannu. Ni ce safar dama ta Sarki Baldusa, mai mulkin aljanun Birnin Ƙarau, can ƙarƙashin ƙasar Nasara inda ruwa ke daskarewa ya zama dutse. Duba wuyana."

Arzika ya sunkuya ya duba. Sai ga ɗigo uku na basilla, alamar da yake hudawa a wuyan kowace fatar akuya da ya rina.

Safar ta ce, "Asu ya cinye 'yar'uwata ta hagu. A dokarmu sarki ba ya karɓar mubaya'a da safa ɗaya, shekara bakwai ke nan ba wanda ya durƙusa a gabansa. An rina fata dubu, ba a sami jan da ya dace da nawa ba. Ka zo ka yi mini 'yar'uwa, abin da ka roƙa an ba ka."

Arzika ya ce, "Sarkin naku zai kama hannuna a gaban jama'arsa?"

Ta ce, "Zai kama da hannu biyu, bisa rantsuwa."

Korau ya fito daga bayan turmi ya riƙe masa gefen riga. Ya ce, "Arzika, kar ka je. Ina ka taɓa jin aljani ya yi wa mutum alheri a banza?" Arzika ya fizge rigarsa. Ya ɗauki jemammiyar fatar akuya fara sol, da damin karan dafi, da wani tsohon kirgi na fatar saniya, ya bi bayan safar.

Kowane taku a bayanta tafiyar yini guda ne. Rairayi ya wuce su, duwatsu suka wuce su, kafin azahar sun isa wani farin birni a bakin teku. A kasuwar birnin Arzika ya ga jajayen fatu jibge, ko daga nesa ya san nasa ne. Wani mutum na zaune gefe da 'yar wuƙa, yana yanke wuyan kowace fata inda ɗigo ukun suke, yana buga mata hatimin garinsu. Arzika ya matsa ya ce, "Malam, a ina ake jeme waɗannan?" Mutumin ya toshe hanci ya ce, "A nan garin mana. Kakanninmu suka ƙago wannan ja, duk ƙasar Nasara da sunanmu ake kiransa. Matsa can, kana kore mini masu saye." Arzika ya ji kamar ya shaƙe shi. Safar ta ja ƙafar wandonsa ta ce, "Mu tafi. Ni ma alamarka ta tsira a wuyana ne don ranar mai wuƙar yana sauri."

A bakin teku Arzika ya shimfiɗa kirginsa a kan ruwa suka hau, safar tana tuƙi da tafinta. Da suka kai tsakiya sai ruwa ya dare, wata uwar dodon-koɗi mai girman rumbu ta taso, idanunta na zubar da hawaye masu launin shuni da ja a gauraye. Ta ce, "Wane ne wannan da ke ƙetare mini gida da warin mutuwar dabbobi?"

Arzika ya ce, "Ranki ya daɗe, majemi ne, baƙo, kira aka yi mini."

Ta ce, "'Ya'yana dubu goma ake farfasawa kafin a rina gefen alkyabba ɗaya ta sarakunan da kake zuwa wurinsu. Na yi rantsuwa mai rini ba zai wuce ni da kayan rininsa ba. Ko ka jefo damin nan, ko in kife ku."

Arzika ya dubi safar ko za ta sa baki. Sai kawai ta naɗe yatsunta. Da a ce zumuɗi bai rufe masa ido ba, da wannan kaɗai ya ishe shi komawa gida. Ya jefa karan dafin, teku ta haɗiye, suka wuce.

A ɗaya gaɓar suka shiga wani daji mai sanyin da ke fasa leɓe. Can ciki suka tarar da wasu 'yan dabbobi masu kama da tunku, tsirara babu fata, sun cure wuri ɗaya suna makyarkyata. Arzika, wanda fatar da ta bi ta hannunsa ba ta ƙirguwa, bai taɓa ganin mai fatar yana rawar ɗari ba, sai tausayi ya kama shi. Ya yayyanka kirginsa ya lulluɓe su ɗaya bayan ɗaya. Babbansu ya ce, "Allah ya saka maka, ya ɗan Adam. Mu ne shafin rigar Sarki Baldusa. A da farare ne mu fes, masu baƙin bakin wutsiya. An ce mana mu ba da aron fatunmu za a ɗaukaka mu, kuma ba a yi ƙarya ba, ga su can a kafaɗar sarki. Kai me aka ce ka kawo?"

Arzika ya ce, "Ja."

Babban nasu ya ce, "Ban ga ja a kayanka ba. Ka lura da inda za a ɗebe shi."

Daga ƙarshen dajin safar ta ƙwanƙwasa wani tudu sau uku, tudun ya buɗe, sai ga Birnin Ƙarau. Aljanun ƙasar kwaikwayon Nasaran da ke bisa kansu suke yi, kome suka gani sai sun yi irinsa sun zarce. Gidajen dutse ne masu tsini. Tagoginsu na gilashi ne ja da shuɗi da kore, an harhaɗa da dalma, in rana ta bugo sai launi ya zubo a ƙasa mutum ya riƙa takawa. Mata na tafe hannuwan rigunansu na jan ƙasa, sun ɗaure haɓa da farin ƙyalle. Mayaƙa na sanye da sulke har idon sawu, kowa da zanen zaki ko gaggafa a garkuwarsa. Amma ba wanda fatar jikinsa ke waje. Kowa da safa a hannu, kowa da fentacciyar fuskar kakin zuma, kumatu ja, ido shuɗi, ba ta motsi ko yana magana.

A bakin ƙofa wata tsohuwar aljana ta tare shi da sandar awo. Ta ce, "Ni ce Uwar Adaka, mai tsaron dokar tufafi. A birnin nan ja na sarki ne shi kaɗai. Shuɗi na hakimai, kore na fatake, toka-toka na masu noma. Tsinin takalmin bafatake taƙi ɗaya, na hakimi taƙi biyu, wanda ya ƙara ko da yatsa ne a sare. Kai kuwa..." Ta matso da fuskar kakinta ta shinshina shi, ta ja da baya. "Majemi. Wurinku bayan ganuwa, inda ruwan gari ke fita."

Aka sa masa riga ruwan ƙasa, aka ba shi ƙararrawar katako ya riƙa kaɗawa don mutane su kauce. Da aka kai shi unguwar majeman birnin ya ga kwata iri ɗaya da ta gida, ƙuda iri ɗaya, sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ba daɗi a cikinta. Ya ƙetare hamada da teku ya zo, ga shi nan dai a bayan gari.

Da gari ya waye Uwar Adaka ta sa aka shigo da shi wani dogon zaure. Fatu dubu ne rataye, duk jajaye, duk an yanke wuyansu. Ta ce, "Mutum tara sun zo kafin kai, kowa ya ce shi ne mai jan. Ga su can sun zama turakun rataye riga. Fata ɗaya ce taka a nan, ita ma ta tsufa, janta ya koɗe. Fitar da ita, a rufe da ido."

Aka ɗaure masa fuska. Arzika ya bi layi yana shafawa da bayan yatsu. Wannan an cika mata toka, waccan an yi gaggawar fitar da ita daga bagaruwa, wata kuma ko mai ba ta sha ba. Can wajen ta ɗari bakwai yatsunsa suka tsaya da kansu. Ya murza ta, ya ce, "Wannan ce. Akuya ce mai haihuwa biyu, ƙaya ta taɓa karce ta a kwiɓi, na jeme ta shekarar da rijiyar majema ta rufta." Aka duba kwiɓi, ga tabon. Uwar Adaka ta ce, "Kai ne. Yanzu sai ka rina."

Arzika ya fito da farar fatarsa, ya ce a kawo masa karan dafi. Ba wanda ya taɓa jin sunan. Aka kawo masa jan saiwa, aka kawo na wasu ƙwari da ake dakawa, ya gwada kwana uku, in an kanga da safar dama sai nasu ya zama kamar ruwan wankin nama.

A rana ta huɗu Uwar Adaka ta zo da wata tasar azurfa cike da ruwa mai hayaƙi. Ta ce, "Ya mai jan hannu, jan shekara arba'in yana jikinka. In ka tsoma hannuwanka a tasar nan zai fita tas, ya ishe mu. Amma ba na ɓoye maka, dokarmu ta hana yaudara a kan tufa. Jan ba ya fita shi kaɗai. Duk abin da hannun ya sani tare za su fita, kuma abin da ya shiga tasar nan ba ya komawa."

Arzika ya ce, "Warin fa?"

Ta ce, "Har da shi."

Ya ɗaga hannuwansa ya dube su. Faratan sun yi baƙi, tafin ya tsattsage, gaɓoɓin sun kumbura. Su ne suka sa ake ajiye masa goro a ƙasa. Bai tuna cewa su ne kuma suka tsaya a kan fata ɗaya cikin dubu ba, don mutum in an daɗe ana ƙyamar abinsa, shi ma ƙyamarsa yake koya. Ya tsoma su har gwiwa. Ya ji wani abu na zarewa daga yatsunsa kamar ana zare zare daga tsohuwar riga. Ruwan ya koma ja wur. Da ya fito da hannuwan sai ga su sumul, masu taushi, kamar na wanda bai taɓa ɗaga tsinke ba. Aka tsoma farar fatar, dukawan sarki suka yanka suka ɗinka, safar hagu ta miƙe a kan yatsunta ta je ta tsaya kusa da ta dama, ba mai iya bambance su.

Ranar mubaya'a aka tuɓe masa riga ruwan ƙasa, aka sa masa shuɗiyar alkyabba mai surfanin zinariya da takalmi mai tsini taƙi biyu. Aka shiga da shi fada. Bangon duk labule ne da aka zana yaƙe-yaƙe da farauta da zaren ulu, dawaki kamar su yi haniniya. Ga littattafai a buɗe a kan karagu, harufansu na zinariya, bangonsu jar fata. Arzika ya shafa ɗaya yana wucewa don ya ji ko tasa ce. Bai ji kome ba, fata dai kamar kowace fata. Ya tsaya zai sake shafawa, amma aka busa ƙaho, ya ƙarasa.

Sarki Baldusa na zaune cikin jar riga mai farin shafi da ɗigon baƙi, fuskarsa ta zinariya. Al'adarsu ita ce mai mubaya'a ya durƙusa ya haɗa tafukansa, sarki ya rufe su da nasa hannuwan biyu. Sarki ya ce, "Kafin hakimai, kafin mayaƙa, a fara da majemi." Arzika ya durƙusa ya miƙa hannuwa. Jajayen safofin nan suka rufe su a gaban taron da ido ba ya ganin ƙarshensa. Fada ta ɗauki kirari.

Amma safofin sanyi ƙalau suke. Arzika ya jira ɗumin hannu ya ratso fatar, bai ratso ba. Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ina da roƙo. A cire safar, ko da ta hannu ɗaya ce. Fata na sha taɓawa, hannu na zo nema."

Sarki ya ce, "Ya ɗan Adam, ba a taɓa roƙon wannan ba. Amma na rantse zan ba ka abin da ka roƙa." Safar dama ta zame ta sauka ƙasa. Hannun rigar ya saki ya yi laƙwas. Arzika ya leƙa ciki, tun daga wuyan hannu har kafaɗa babu kome sai duhu da wata iska mai sanyi. Sarki ya ce, "Haka muke duka, ni da su. A birnin nan tufa ita ce mai gida. Ba ni da wani hannu da ya wuce wanda ka jeme mini, kuma da shi na kama ka. Ban rage maka kome ba."

Arzika ya waiwaya ya dubi dubban rigunan da ke tsaye suna kallonsa da fuskokin kaki. Ya ce, "A mai da ni gida."

Uwar Adaka ta kaɗa sandarta, iska ta sure shi, ta dire shi a ƙofar kasuwar Tudun Faru da la'asar, ranar kasuwa. Mutane suka ga shuɗiyar alkyabba da zinariya na walƙiya, sai suka yo ca. Attajirin nan mai gaisuwa da haɓa shi ya fara isowa, ya kama hannun Arzika da hannu biyu yana jijjigawa, yana "Maraba da babban baƙo." Arzika ya ce, "Ni ne Arzika majemi." Attajirin ya dubi alkyabbar, ya dubi hannun, ya shinshina iska a fakaice, ya ce, "Ai dama mun san za a yi haka, mutumin kirki ne kai tun da." Bai saki hannun ba. Sarkin kasuwa ya karɓa, dillalai suka karɓa, sai da aka gaisa da shi fiye da sau ɗari. Hannuwan da ɗumi kam, amma duk wanda ya kama, idonsa a kan surfanin yake. Arzika ya ji kamar har yanzu yana durƙushe a waccan fadar.

Ya zame ya nufi bayan gari. Tun kafin ya kai majema warin ya buge shi, har sai da ya sa hannu ya toshe hanci, abin da bai taɓa yi ba tun haihuwarsa. Majema suna zaune a gindin bagaruwa an kawo tuwo. Korau na gefe yana ƙarasa karce wata fata. Arzika ya tafi da sauri, tsinin takalmi na harɗe shi, ya miƙa hannu ya ce, "Korau, na dawo."

Korau ya ajiye kartaji ya miƙe. Ya daɗe yana kallon hannun. Ya goga nasa a cinya, ya duba, ya sake gogawa, sannan ya mai da shi baya ya rusuna. Ya ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe."

Arzika ya ce, "Wane irin ranka ya daɗe? Ni ne fa."

Korau ya ce, "Na gane ka tun daga nesa. Amma in na kama hannun nan ɓata maka shi zan yi."

Arzika ya tuɓe alkyabbar ya jefar a kan kwata. Ya ɗauki kartajin, ya durƙusa kan fatar don ya nuna musu shi ne dai na da. Karta ɗaya ya yi, ƙarfen ya huda fatar tun daga baya har ciki, tafinsa ya yi bororo nan take. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi masa sauƙi. Korau ya karɓi kartajin a hankali, ya ɗauko alkyabbar ya kakkaɓe, ya rataya masa a kafaɗa.

Aka shimfiɗa masa sabuwar tabarma can gefe inda iska ba ta kawo wari. Matar Korau ta zuba masa tuwo a sabon kwano, ta sa masa cokali, ta durƙusa ta ajiye. Majema goma suka kewaye akushinsu, jajayen hannuwa na shiga suna fita, suna magana ƙasa-ƙasa saboda akwai baƙo. Arzika ya zauna shi kaɗai da cokali a hannu har tuwon ya sandare.

Nan labarin ya tsaya, ban rage ba, ban kuma sa masa zuma ba.